Shirun Baffa Sharfuddeen

Hor Al Anz, Dubai
4 ga Maris, 2023

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina nan lafiya, da Yaya Muhsin da iyalinsa, da gwiwar nan taki da ke riga kowa sanin hadari ya taso. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi. Na ba Hajiya Safiya mai safarar kaya takardar nan ta kawo miki hannu da hannu, don maganar ba ta waya ba ce. Na san halinki, kafin in kai tsakiya za ki ce sabis ya ɗauke.

Umma, shekara guda ke nan ina ce miki gwajin jini nake yi a wurin aiki. Ban yi ƙarya ba, sai dai ban faɗi jinin wa ba. Jinin aladu ne. Ki gama salatin tukuna, sannan ki ci gaba da karatu.

Aladun ba a Dubai suke ba, suna can wata gona a Turai, ban taɓa ganinsu ba sai a bidiyo. Jininsu kaɗai ke iso mana a kwalaye cikin ƙanƙara, ni kuma safar hannu biyu nake sawa. Tun kafin a haife su masana suka sauya musu ƙwayar gado guda ɗaya, sai su taso da ciwon sukari tun suna ƙanana, ana bin yadda ciwon ke cin jiki don a nemo wa mutane magani. An zaɓi alade ne saboda yadda jikinsa ke sarrafa abinci ya yi kusa da namu, ko mun so ko mun ƙi. Kafin in karɓi aikin na tambayi malami, ya ce neman magani daban, ci daban.

Shugabarmu, Dokta Nuriyya, 'yar Zariya ce. Wata rana ta gan ni ina yi wa kaina allura kafin abincin rana, ta tambayi su wa ke da ciwon a gidanmu. Na lissafa mata: marigayi Abba, Yaya Muhsin, sai ni tun ina shekara goma sha tara, kuma dukanmu kamar sillen kara. Ta ɗebi jinina ta aika gwaji. Sakamakon ya fito makon jiya. Ƙwayar nan da aka sauya wa aladun, ita ce ta zo da tangarɗa a jikina tun daga haihuwa. Gado ne, kowane ɗa yana iya ɗauka, yana iya tsira.

Kin san inda na dosa. Shekara goma sha huɗu ke nan tun rasuwar Abba muna cewa ƙaninsa, Baffa Sharfuddeen, ne ya yi masa sammu a kan rumfar kasuwa, ciwon ya biyo mu. Mun daina gaishe shi. Ranar ɗaurin auren Yaya har ƙofar gida ya zo, aka ce ya juya. Umma, babu wanda ya binne mana komai. Tun da na ga takardar nan kunya ta hana ni sakewa.

Ki gaida Yaya da matarsa Anti Aishat. Allah ya bar mana ke.

Taki,
Zaituna

Hor Al Anz, Dubai
9 ga Afrilu, 2023

Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi miki barka da shan ruwa, da fatan azumi yana zuwa da sauƙi. Saƙonki na murya ya iso, na saurara sau uku. Kin ce duniya ta zo ƙarshe tun da alade ne zai wanke Baffa, kin kuma ce in ba shi da hannu me ya hana shi buɗe baki duk shekarun nan. Tambayar ta tsaya mini a rai, don gaskiyarki ce. Shi ya sa na je na tambaye shi.

Kada ki ga laifin Hajiya Safiya, ni na matsa mata har ta faɗa mini ya zo nan Dubai sarin yadi. Na same shi da hantsi a kasuwar Al Sabkha, kan kujerar roba a ƙofar wani shago, yana kara yadi a fuskarsa don ya ga zanen. Idonsa ya yi rauni ƙwarai. Na durƙusa a nan gefen titi, masu turin kaya suna ta yi mini yalla yalla, wato in ba su hanya, na faɗi sunana. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce goshin yayansa ne.

Na yi masa bayanin aladun da na gwajin, ina ta kame-kame kamar mai neman aikin gwamnati. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya zuge 'yar jakarsa ya nuna mini abin da ke ciki: allura ce irin tawa. Tun yana shekara ashirin da biyar yake da ciwon, ban da matarsa babu wanda ya sani. Ya ce mahaifiyarsu ma da shi ta tafi, don yana yaro ya sha ganin tururuwa na bin inda ta yi fitsari, amma a lokacin rama kawai aka kira shi.

Na tambaye shi abin da kika tambaya. Ya ce sa'ad da maganar sammu ta fito, ciwon ya riga ya kama Yaya, ni kuma ina tasowa, ya kuma san yadda ake binciken asali kafin a ba da aure ko a karɓa. Ga abin da ya faɗa, ban ƙara ko harafi ba:

"Sammu ana karya shi, 'yata, gado kuwa ba a karya shi. Na ga gara a ce ni ne mugu da a ce jininku ne."

Bai mai da kansa waliyyi ba, ya ce shi ma yana da 'yan mata uku a lokacin, su ma ya duba. Ban ce dabararsa daidai ce ba. Da an san gado ne da wuri, wataƙila da an kula da ƙodar Yaya tun tuni, na kuma faɗa masa haka. Amma Umma, mutumin nan ya ji ana kiransa makashin ɗan'uwansa shekara goma sha huɗu, ya haɗiye saboda mu. Lallai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na yi kuka a tsakiyar kasuwa har wani Bapakistane ya miƙo mini tishu.

Na kai shi wurin Dokta Nuriyya ta haɗa shi da likitan ido. Ni kuma likitana ya ce irin namu sau da yawa yana jin wasu ƙananan ƙwayoyi, ya fara sauke ni daga allura a hankali. Ki gaya wa Yaya kada ya kuskura ya ajiye tasa da kansa, sai an gwada shi.

Baffa zai dawo Kano kafin Salla. Na roƙe shi ya zo gida, ya ce zai zo, amma ba zai wuce zaure ba sai an ce ya shigo. Ban taɓa roƙonki abu kamar wannan ba. Ki buɗe masa.

'Yarki mai kunnen ƙashi,
Zaituna

Hor Al Anz, Dubai
2 ga Mayu, 2023

Ummata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Barka da Salla, Allah ya maimaita mana. Ina fata gajiyar baƙi ta sake ki. Ni kwana goma sha biyu ke nan rabona da allura, sukari yana zaune lafiya, har ina duba cinyata ina jin kamar na manta wani abu. Na gode wa Allah, na gode wa Dokta Nuriyya. Aladun nan ma da na yi shekara ina toshe hanci a kan jininsu, yanzu in kwalinsu ya iso da ladabi nake buɗewa.

A waya kin ce mini babu wani labari, an yi Salla lafiya, khalas, kamar yadda mutanen nan ke cewa. To Yaya ya tona ki. Ya ce Baffa ya zo washegarin Salla da la'asar ya tsaya a zaure, ya ƙi ko zama. Ya ce kin fito har sau biyu kina komawa, wai mayafin bai yi ba. A na uku kika tsaya kika dube shi, haƙurin da kika shirya ya ƙi fita. Sai kika koma wasan matar wa da ƙanin miji, kika ce ashe miji yana yin yaji, shekara goma sha huɗu babu cefane. Yaya ya ce Baffa ya fara dariya, daga nan ya rufe fuska da hannun riga.

Na san abin da wannan ya ci miki. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya sauke abin da ya riƙe tun ranar da aka fita da gawar mijinsa. Ban taɓa alfahari da ke kamar yanzu ba, kuma ban san da bakin da zan gode miki ba.

Abu ɗaya ne Yaya ya kasa ƙarasa mini sai da ya kashe wayar ya sake kira. Ya ce kuna zaune a tsakar gida 'yarsa Nana Khadija ta fito, ta laɓe a bayanki tana leƙen baƙo, ta tambaya wannan tsohon waye. Shekararta biyar, ba ta taɓa jin sunansa a gidan nan ba. Baffa ya sunkuyar da kai. Ke kika kamo hannunta kika sa a cikin nasa, kika ce, "Kakanki ne. Mu ne muka makara."

Allah ya jiƙan Abba, ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Ki gaida kowa da kowa, ki gaida Baffa.

Taki har kullum,
Zaituna