Ƙwayar da Kuka Samu a Jakar Mubarak, Ni Na Ƙulle Masa Ita

Zuwa ga Shugaban makarantar da ta kori ɗana,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya kai da iyali da malamanka. Ni ce mahaifiyar Mubarak, ɗan aji biyar ɗin da kuka kora a zangon da ya wuce. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, don ba tozarci na zo yi ba. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini bakin alƙalami ya bushe, shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Na ɗaya, ban ce ɗana waliyyi ne ba. Na fi kowa sanin halinsa. Tun yana firamare sunansa ba ya fita daga takardar masu surutu. In na aike shi sayen gishiri a bakin layi, sai ya dawo da labarin yadda ake kwance janareta, babu gishirin, wani lokacin har takalmi ya baro a can. Mun yi duka, mun yi tofi, kakarsa da ke Rigasa ta ce iska ce. Sai da ya kai shekara goma sha huɗu wata abokiyar aikina ta matsa mini na kai shi asibiti. Likita ya ce larura ce da ake kira ADHD: hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya, jiki ba ya zaunuwa, baki yana riga tunani. Ya rubuta magani, ɗaya da safe, ɗaya da rana. A shekarar ne Mubarak ya fara kwafe darasi daga allo har ƙarshe, ya kawo mini littafin yana murna kamar an ba shi kujerar Makka. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Na biyu, ga laifina, zan faɗe shi da bakina. Inda ake duba shi nan ne mutanen gari suke kira asibitin mahaukata, kuma hatimin asibitin yana jikin ambulan ɗin maganin. Na ji tsoron yara su gani su laƙaba masa suna. Sai nake cire ƙwayar rana in ƙulle a 'yar takarda, in sa masa a aljihun jaka, in ce ya sha a ɓoye lokacin tara. Na sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Ko malamin ajinsa ban sanar ba. Ana cewa ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, to a gidanmu uwar ce ta jawo wa ɗan.

Na uku, abin da kuka yi. Ranar da malamin ladabtarwa ya binciki jakunkuna, ya sami ƙulli uku a jakar Mubarak. Sun taru ne don kwana uku yana manta sha, mantuwar nan kuwa ita ce ciwon. Aka tambaye shi mene ne, ya yi shiru saboda rantsuwar da ya yi mini. Lambar wayata tana cikin fayil ɗinsa, amma ba wanda ya kira ni. Kuka ɗora shi kan benci a filin taron safe, gaban ɗalibai duka, har da ƙanwarsa 'yar aji ɗaya. Ka ɗaga ƙullin ka ce ga dalilin da ya sa ba ya iya zama, ɗan ƙwaya ne. Aka yi masa bulala, aka tuɓe masa rigar makaranta, ya tako har Unguwar Shanu da singileti.

Na huɗu, washegari na kawo katin asibiti da takardar likita a cikin ambulan. Mataimakinka ya ce kowace uwa haka take cewa, ko buɗe ambulan ɗin bai yi ba. A takardar sallama kuka rubuta shaye-shaye. Makarantu biyu a Kinkinau sun karanta sun mayar mini da ita, ga rajistar jarrabawar fita tana matsowa. A layinmu iyaye sun hana 'ya'yansu buga ƙwallo da shi. Yaron da a da nake roƙo ya yi shiru, yanzu ni ke roƙonsa ya yi magana. Wallahi zuciyata ta karye.

Ranka ya daɗe, ban ce dole ku mayar da shi ba. Ina roƙo ka karanta takardar likitan da idonka. Ka sake masa takardar sallama babu kalmar nan, ko wata makarantar ta karɓe shi. Ka kuma tsaya a filin da ka ɗaga ƙullin, ka gaya wa yaran nan magani ne, uwarsa ce ta ƙulle masa. Gobe in kun sami wani abu a jakar ɗan wani, ku kira iyayensa kafin ku tara jama'a.

Ina gaggawa ne don Mubarak ya daina shan maganin, mako na uku ke nan. Shekaranjiya na miƙa masa da kofin ruwa, ya ture hannuna a hankali ya ce, "Mama, in na daina sha gaba ɗaya, za su yarda ni ba ɗan ƙwaya ba ne?" Ba daga bakina ya ji sunan nan ba, daga bakinka ya ji.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya shirya maka zuri'a, kada ya nuna maka ranar da ɗanka zai yi maka irin wannan tambayar.

Wassalam.

Maman Mubarak,
Unguwar Shanu, Kaduna.