Kebul Mai Jan Farce

Yaya,

Ka yi haƙuri da masifar da na yi maka jiya, ba kai ka lalata min kwamfuta ba. Ashe kebul ɗin ne tsohon yayi, shi ya sa kwafin da nake yi daga tsohon diski zuwa sabo ke tafiyar hawainiya. Mai gyara ya ce wai lambar kebul mai sauri 3.0 ce, aka mayar da ita 3.1, aka sake mayar da ita 3.2. Kaina har ya ɗau zafi!

Na samo mai sauri, na ɗiga masa jan farce don ka gane shi. Na makara, na fita, saura awa biyu kwafin ya gama. Don Allah kada ka zare kebul ɗin don cajin wayarka. Tsohon diskin ya fara ƙas-ƙas, kuma a cikinsa kaɗai muryar Mama ta rage mana.

Auta