Katakon da Nake Danne Kabeji da Shi

Anti Sumie, don Allah ki ba ni shawara. Ni ba karatu na yi mai zurfi ba, ki yi haƙuri da rubutuna.

'Yata tana digiri na uku a Kyoto, wai tana binciken littattafan da 'yan kasuwa da barori suke karantawa a Osaka shekara ɗari uku baya. Ni dai "to" nake cewa. Watan jiya ta zo gida, ta buɗe gangar da nake jiƙa kabeji da gishiri, ta ɗaga dutsen da ke kai, sai ta ƙwalla ƙara. Na zaci ɓera ne! Ashe katakon da nake dannewa da shi, na surukata, allon buga littafi ne na da. Rubutun a juye aka sassaƙa shi, ni kuwa na ɗauka ƙwari ne suka ci. Shekara ashirin ina wanke shi da soso.

Na ce shi ke nan, na lalata shi. Amma malaminta ya duba ya ce yawanci yana karantuwa, wai ma ƙila gishirin ne ya hana gara. Yarinyar da ba ta kira sai na kira, yanzu kullum muna waya, har tana karanta min labarin da ke jikin allon, na wani mai shinkafa marowaci, ina ta dariya. Na samu sauƙi, Anti.

Sai dai katakon uku ne. Biyu na hura wutar ɗumama ruwan wanka da su tun tana goye. Ba ta sani ba. In faɗa, ko in yi shiru? Kar wayar nan ta daina zuwa.

Mai Kabeji, Osaka

Mai Kabeji, ki faɗa mata, kuma kar ki ja lokaci. Shirun yana da daɗi yau, amma ita mai bincike ce, tambayar ko akwai saura tana nan tafe, kuma ƙarya za ta fi wuta yi mata zafi. Za ta ji takaici, ki bar ta ta ji, kar ki kare kanki. Itace kika ƙona a lokacin da itace ne a idon kowa.

Kafin nan ki zauna ki tuno girmansu, inda aka ajiye su, da abin da surukarki ta taɓa cewa game da su. Wannan babu shi a ɗakin karatu, a bakinki kaɗai yake, kuma tana bukatarsa. Ki je mata Kyoto da kanki, ba ta waya ba. Ina yi muku fatan alheri, ke da ita.

Anti Sumie