Damin da Ban Ɗora wa Baba Ba

Mahuta,
Ranar Talata.

Zuwa ga Najiba, sanyin idona, inuwar da nake nufa idan rana ta take, ruwan farko a kan busasshiyar gona, ke da ko sunanki aka ambata a kasuwa sai na manta abin da na je saye. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya abar ƙaunata.

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wanda ya iso ƙofar gida ya kasa ɗaga murya ya yi sallama. Yaya Inna, yaya Baba da gajiyar girbi? Na kira ki sau goma sha ɗaya tun ranar Asabar ba ki ɗauka ba, kuma ban ga laifinki ba. Da ni ne ke, da lambar ma na goge. Shi ya sa na ɗauki biro, zan ba ƙanwata Sa'adiya ta kawo miki hannu da hannu. Waya ce ta jefa ni cikin halin da nake ciki, ba zan sake ba ta amanar maganata ba.

Jiya kawuna ya dawo daga gidanku fuska ba walwala. Ya je ne kan maganar sa ranar aurenmu, Baba ya ce a dakata tukuna, yana so ya sake nazari. Kawu bai tambaye ni dalili ba, don duk Mahuta an san dalilin. Wai Rabe ya je gayyar girbin dawa a gonar surukinsa ya tsaya da shadda kamar mai duba aikin gwamnati, dattijo ya roƙe shi ya ɗora masa dami ya juya masa baya. Haka ake faɗa a majalisa, haka ake faɗa a bakin rijiya. Wallahi, Najiba, ba su yi mini ƙari ba. Abin da idonsu ya gani suka faɗa. Abin da ke ƙarƙashin shaddar ne ba su gani ba, kuma ni na ɓoye shi.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Damina ce, motarmu ta kafe a laka tsakanin Kafur da Malumfashi, direba ya ce kowa ya sauka da kayansa. Kina tsaye a gefen hanya da buhun gyaɗar Inna, kin tattare bakin hijabi kina hararar taɓo kamar shi ya yi miki laifi. Na sunkuci buhun nan da hannu ɗaya na aza a kafaɗa, na tsallaka da shi har kan tudu, na dawo na ɗauki na wata tsohuwa don kada a gane ke nake yi wa. Da na sauke, ko godiya ba ki yi ba, sai kika ce, "Bawan Allah, a gidanku ba a sayi jaki ba ne, ko kai aka ajiye?" Duk motar ta kwashe da dariya. Ni kuwa a wurin na san tawa ta ƙare. Wayyo, wannan baki naki! Tun daga ranar nake tinƙaho da ƙarfina a gabanki, don shi kika fara gani a jikina, kuma a wautata na ɗauka shi kaɗai kike so.

To ga abin da ban gaya miki ba. Wata huɗu ke nan ƙirjina ba lafiya. Abin ya fara ne bayan wata mura da na yi. Tari ya tafi, ya bar mini wani suka a ƙirji ta hagu, sama-sama, daidai inda haƙarƙari ya haɗu da ƙashin tsakiya. Na ce gajiya ce. Bayan mako biyu ina wanka hannuna ya faɗa kan wani tudu, girmansa kamar rabin lemon tsami, da tauri, idan na danna sai na ga wuta. Atishawa ta zame mini abin tsoro. Idan na ja numfashi mai tsawo sai in ji kamar an soka mini tsinke. Kwanciya a gefen hagu ta gagare ni, ruku'u sai na lallaɓa. Wata rana yakan lafa har in ce ya tafi, in ɗauki fartanya, kafin azahar ya dawo ya tuna mini cewa yana nan.

Ranar da ya fi tsananta na ɗauka zuciya ce, na yi kalmar shahada a kan babur har na isa asibiti a Funtua. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka manna mini wayoyi aka auna bugun zuciya, aka gwada kaki saboda tarin fuka, aka ɗebi jini. Likitan, Allah ya saka masa, ya ɗaga hoton ya duba ya sake dubawa, sannan ya ce, "Malam Rabe, zuciyarka lafiya lau, huhunka fes. Ina zaton guringuntsin da ke riƙe haƙarƙarin ne ya kumbura. Abin da ya jawo shi ban sani ba, ranar da zai tafi ma ba zan yi maka ƙarya ba. Ka sha wannan, ka riƙa gasawa da ruwan ɗumi, kuma kada ka ɗauki kaya mai nauyi." Ya kamata in yi murna, ko ba haka ba? To ban yi ba. Na fito da hoton a hannu ina jin haushinsa. Da karaya ce, da an ɗaure ni kowa ya gani ya yi mini sannu. Amma ƙato kamata, yana ci yana sha, hoto ya ce lafiyarsa ƙalau, ya zo ya ce ba zai iya ɗaga buhu ba? Wa zai yarda? Ni da kaina na sha yi wa irin waɗannan dariya ina kiransu ragwaye.

Daga nan na yi wauta ta biyu. Na je wurin Mati wanzami a ɓoye, ya shafa wurin ya ce mataccen jini ne, ya kafa mini ƙaho uku. Jini ya fita, kumburi bai motsa ba, sai tabo da na ƙaru da shi. Mahaifiyata kuwa da ta gani sai ta sa kuka, ta ce hannu aka sa mini saboda auren nan, ta fara lissafa mutane. Na roƙe ta don Allah ta bar maganar, ban zargi kowa ba, kuma kada ta gaya wa kowa. Ta riƙe mini sirrin, tana ba ni rubutu ina sha. Ni kuma na daina cire riga a gona, na koma ɓalle maɓalli har wuya ko ana zafi kamar me.

Ke ma na cuce ki, ya furen zuciyata, tun kafin ranar gayya. Kin ce mini kwanakin baya na canza, wai idan na zo zance kina ba ni labari sai in cije leɓe in kau da kai, kamar hirarki ta gundure ni. Hirarki ta gundure ni? Ina! Dariya ce ke kashe ni, Najiba. Duk faɗin ƙasar nan babu mai sa ni ciwo kamarki, don babu mai ba ni dariya kamarki. Ranar da kika kwaikwayi tafiyar mai shayin unguwarku, sai da na dafa bango, hawaye suka cika idona, na ce miki ƙwaro ne ya faɗa. Kika tafi gida kina tunanin ko na fara hango wata. Na ga hakan a fuskarki, na bar ki da shi, don kada ki san ƙirjin da kike shirin jingina a kai ya kasa ɗaukar dariya.

Sai ranar Asabar. Kin san al'ada: mai neman aure shi ke tara abokansa su je gonar suruki, shi ke fara cire riga, shi ke ƙarshen tashi. Na tara samari goma sha biyu, ban yi ƙasa a gwiwa ba a nan. Amma na zo da shadda, don mai shadda ba a sa ran ya sunkuya. Na riƙa zagayawa ina cewa ku yanka nan, ku ɗaure can. Abokaina suna kallona suna ƙus-ƙus. Kika iso da sauran 'yan mata ɗauke da kunu, kika dube ni daga hula har takalmi, ba ki ce komai ba. Da ma zagina kika yi.

Da rana ta yi sanyi aka fara kwasar dammuna zuwa amalanke. Baba, da furfurarsa, ya naɗa gammo ya aza a kai, ya je gaban wani ƙaton dami ya durƙusa ya kama gefe ɗaya. Akwai samari a kusa da shi, bai kira ko ɗaya ba. Ni ya kira. Ya ce, "Rabe, ɗana, zo ka ɗora mini." Yanzu na gane abin da ya yi. Ya ga ana ƙananan maganganu a kaina, ya buɗe mini ƙofa in wanke kaina a gaban jama'a. Ɗana fa ya ce!

Na taho. Na rantse da Allah na taho da niyyar ɗagawa ko zan mutu. Na sunkuya, na sa hannu a ƙarƙashin damin, na ɗan yunƙura, sai abin ya tsarge ni tun daga ƙirji har kafaɗa, numfashina ya ɗauke. Kalma biyar kawai ake bukata: Baba, ba ni da lafiya. Da ya ce sannu, wani ya zo ya ɗora masa, magana ta ƙare. Amma kina tsaye da ludayi a hannu kina kallo. Sai na saki damin, na zura hannu a aljihu, na zaro waya na kara a kunne, na ce, "Na'am, Alhaji, ina jinka," na juya na yi gaba ina magana da iska.

Najiba, a gonar nan ta bakin fadama! Gonar da duk wanda ya taɓa shigarta ya san waya ba ta kama sabis sai an hau kan surin da ke bakin hanya. Har yaran goye sun sani. Ni kaɗai na manta. Ina tafiya ina "to, Alhaji, to, Alhaji," gona ta yi tsit, babu mai tari. Na waiga da wutsiyar ido na ga Baba yana nan a durƙushe, gammo a kai, hannu a kan dami, yana jirana in gama. Sai da yayanki Sadiq ya zo ya ɗora masa. Da Sadiq ɗin ya wuce ta kusa da ni ya ce a hankali, "Ka gaida Alhaji." Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni gida ba.

Kunya nake ji, ya hasken raina, kunyar da ta fi ciwon zafi. Ciwon yakan lafa, ita ba ta lafawa. Ba kunyar kumburin nake ji yanzu ba, wannan Allah ne ya ɗora mini. Kunyar dattijon da na bari a durƙushe nake ji. Na gwammace a kira ni mai girman kai da a kira ni marar lafiya, kin ji wautar namiji! Na zubar da mutuncin Baba don in tsare nawa, ga shi na zubar da duka biyun.

Ranar Alhamis bayan la'asar, in Allah ya kai mu, zan zo zauren Baba, ba tare da kawu ba, ba tare da shadda ba. Zan durƙusa inda ya kamata in durƙusa tun farko, in ɓalle rigata in nuna masa kumburin da tabon ƙahon, in ba shi hoton asibiti, in nemi gafararsa. Ko ya yafe ko bai yafe ba, haƙƙinsa ne.

Amma ke nake so ki riga kowa sani, don idan Baba ya huce, ke zai kira ya tambaya. Kada ki amsa masa kina tunanin mutumin da ya tsallaka laka da buhun gyaɗa. Ban san ko zai dawo ba. Mai yiwuwa nan da wata biyu in wayi gari garau, mai yiwuwa in shekara a haka, likita bai sani ba balle ni. Mai yiwuwa ki auri manomin da sai an ɗora wa amalankensa kaya yana tsaye yana kallo. Ya kamata in ce miki idan kin ga ba za ki iya ba na sake ki da zuciya ɗaya. Na rubuta hakan sau biyu ina yagewa, don ƙarya ce, kuma na gama yi miki ƙarya. Ban sake ki ba. Ina sonki, Najiba, son da ya fi ƙarfin wannan ƙirji tun yana lafiya. Roƙonki nake yi, da hannu biyu, kada ki bar ni.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa ko mahaifiyata ba. Jiya, bayan kawu ya kawo saƙon Baba, na koma wurin likitan nan. Ba magani na je karɓa ba, tambaya na je yi, na zauna ina murza hula na kasa fitar da ita. Da ƙyar na ce, "Likita, ka ce kada in ɗauki kaya. To idan Allah ya ba mutum haihuwa, jariri fa?" Ya ajiye birosa ya dube ni, ya ce, "Jariri kam za ka iya, Malam Rabe. Ka ɗauke shi ta dama."

Iyakar abin da nake da tabbacin zan iya ɗauka ke nan a yau, kuma ba na so in ɗauki na kowa sai naki.

Naki, da lafiya da rashinta, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,
Rabe.