Bututun Zayyad a Makwararar Gidana

Litinin, 4 ga Agusta, 2003
Madalla da boko! Ƙanena Zayyad ya dawo daga makarantar fasaha, ya zagaye gidan nan kaf, bai ga abin tausayi ba sai ruwan wankan jegon matata Dija da ke bin makwarara yana tururi. Wai zafi ne muke zubarwa a titi. Don a samu mai wannan hangen ne Baba ya cire ni daga aji uku ya zaunar da ni kasuwar Bukkuyum. Riba ta fito.

Laraba, 6 ga Agusta
Ya haƙa rami bayan makewayi, ya naɗe bututun tagulla a ciki kamar maciji ya ƙoshi. Ruwan wanka ya taru a ramin, ruwan sanyi daga duro ya bi ta cikin bututun ya faɗa tukunya ta biyu da ɗuminsa. "Yaya, ba sa haɗuwa, zafin kawai yake ara." Na ce ko a kasuwa ban taɓa ganin aron da ba a shafi juna ba.
Itace kuwa ya yi wuya. Damina ce, komai jiƙe.

Asabar, 9 ga Agusta
Innar Dija ta iso daga Nasarawa Burkullu duba wanka. Ta leƙa ramin ta ja da baya. "Mi na ka gani? Ruwan da za a gasa ɗiyata shi ka ratsa dauɗa? Kuma kun tare ruwan zafi bisa hanyar mutanen ɓoye!" Zayyad ya fara zana mata a ƙasa da tsinke. Surukar mutum, da tsinke!
Na fizge bututun gaban kowa, na ce a gidana ba a gwajin makaranta da jikin mai jego. Mata suka yi dariya. Ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Lahadi, 10 ga Agusta
Ya tafi Gummi wurin abokinsa. Ko koko bai sha ba.

Alhamis, 14 ga Agusta
Ruwa bai ɗauke ba tun Talata. Iccen da Sambo mai itace ya kawo sai hayaƙi da hawaye. Tukunyar farko ta tafasa da ƙyar, ta biyu ta ƙi. Inna ta tsoma ganyen darbejiya ta yarfa a hannunta, ta dube ni: "Labbo, wanga ruwan alwala ne. In sanyi ya shige ta, kai ka jinya?" Ta ce in Juma'ar makon gobe ta zagayo haka, za ta kwashe Dija da jaririya su ƙarasa arba'in a gida.
Haihuwa ta uku a kai wanka gidan iyaye! Ni da nake sasanta cinikin bijimai, a ce na kasa tafasa wa matata ruwa. Da wane ido zan shiga kara, kasuwar shanu?

Asabar, 16 ga Agusta
Na ƙona ƙyauren akurki da turmin da ya tsage. Manu mahauci ya tambaye ni ko gadon ma yana layi. Magana ta riga ta fita ke nan.
Da daddare Dija ta ce: "Ranar da aka gwada abin Zayyad, da rabin itace aka gama." Wa ya tambaye ta?

Talata, 19 ga Agusta
Inna ta tafi barkar suna maƙwabta. Na ciro bututun daga bayan rumbu, don kawai kada ya yi tsatsa. (Tagulla ba ta tsatsa, na sani.) Zanen yaron na nan a kaina, duk da harara nake yi lokacin. Na mayar da shi ramin. Na tara hannu a bakinsa: ɗumi kamar nonon da aka tatso yanzu.
Da ta dawo na tare ta da muryar ciniki. Na ce wata Hajiya ta rantse mini haka matan Madina ke wankan jego, kuma in an yi bisimilla kafin a buɗe ramin, mutanen ɓoye sun kauce. Ta ce, "To, in na Madina ne." Ta yi bisimillar da kanta, har sau uku.

Juma'a, 22 ga Agusta
Tukunya biyu sun tafasa. Dija na ɗakinta, Inna ta kwance ƙullin kayanta. Yanzu tana gaya wa mata surukinta Labbo mai dabara ne, har biyu sun zo kallo. Ban gyara mata ba.
Na ba direban Gummi saƙo: a ce wa Zayyad gwiwar bututun na yoyo, ya zo ya duba. Ba ta yoyo. Na sa Dija ta ajiye masa kunun kanwa.
Shi ya faɗi gaskiya da tsinke aka kore shi, ni na yi ƙarya da Madina aka sa mini albarka. To a cikinmu wa ya kamata Baba ya bari a makaranta?