Labulen da Ba a Ja Miki Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, jikarki Ummi mai sunanki ta shiga makarantar koyon aikin nas. Kowa a gida murna yake yi. Ni kuwa da na gan ta cikin fararen kaya, sai abin nan ya dawo min sabo fil.

Santsi ne ya kwashe ki a bakin famfo a gidanmu na Unguwar Mu'azu, ƙugunki ya karye. Likita ya ce aiki ya yi kyau, ki dai yawaita shan ruwa, da ƙafarki za ki koma gida. Karaya ce kawai fa, Inna.

Amma ɗakin da aka kwantar da ke ba labule. Ƙarfen rataya shi yana nan a saman gado, labulen ne babu. In fitsari ya kama ki sai a turo fo a ɗage miki zane, maza 'yan dubiya na gadon kusa suna zaune suna ɓare lemo. Ke da ko ɗankwali ba ki taɓa cirewa a gaban 'ya'yanki maza ba!

Ranar da aka yi miki haka surukinki Malam Sani yana tsaye a bakin ƙofa da kwanon abinci, kika juya fuska bango. Da na yi magana, nas ɗin ta ce, "Kowa haka yake yi, nan ba otal ba ne."

Daga ranar kika daina shan ruwa, don kada a sake kawo fo ɗin. Leɓenki ya bushe ya tsage, kina cewa ba kya jin ƙishi. Nas-nas suka yi ta yi miki faɗa kamar ƙaramar yarinya, wai rigimar tsufa ce. Allura kan lokaci, magani kan lokaci, amma ba wadda ta sunkuyo ta tambaye ki dalili.

Sai da aka canjo Sista Rifkatu, 'yar unguwar Mahuta, zuwa ɗakin. Ta dube ki, ta dubi ƙarfen nan, ta fitar da maza waje, ta ɗaure zannuwanki biyu tsakanin sandar ƙarin ruwa da taga. Ta ce, "Mama, yanzu daga ke sai Allahnki." Ta miƙo miki ruwa, kika shanye kofin tas, kika miƙa a ƙaro. Har kika tsokane ta, wai ɗaurinta bai kai na 'yan shanya ba.

Ashe ƙoda ta riga ta taɓu. Ba ki koma gida ba.

Na san ajali ne, ba na jayayya da Allah. Da mutane nake fushi, kuma har yau ban huce ba. Zane biyu, Inna, kuma suna nan a jakarki tun ranar da aka kwantar da ke.

Jiya na ciro su daga ƙasan akwati na ba Ummi. Na ce mata duk gadon da ta tsaya a kai, ta fara ja wa mai shi labule kafin ta ɗauko allura.

Innata, Allah Ya suturta ki kamar yadda kika suturta kanki, Ya shayar da ke daga Alkausara har ki ƙoshi, ba mai kallon ki.

'Yarki,
Hadiza