Ramuwar Angon Kaciya

Zango, Kumasi

Zuwa ga babbar yayata, inuwar gidanmu, Hajiya Habibatu, a Tamale.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai ƙamshi wadda ta fi turaren wuta daɗewa a ɗaki, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da jikoki. Ki gafarce ni da na kutso miki cikin hidimar kasuwa ba tare da neman izini ba. Na guji waya da gangan, domin na san jikokinki su ke riƙe miki ita, kuma abin da ke tafe da ni bai kamata ya ratsa kunnen yaro ba. Shi ya sa na damƙa wa direban motar Tamale.

Kin san likita ya ce jinina ya hau, ya umarce ni da motsa jiki. Na shiga ƙungiyar 'yan kif-fit ta unguwarmu, masu fita sassarfa kowace Lahadi da kiɗa da waƙa. Da suka ji yadda Allah ya hore mini baiti, suka sa ni a gaba, ina bayarwa suna amshi. Wannan gurbi a da na Alidu ne, ɗan Kawu, taubashinmu. Ya yi dariya ya ce ya bar wa bawansa, ni kuwa na ɗauka har zuci ne.

To, Yaya, ni mutum ne mai jiki, kuma cinyoyina maƙwabta ne da ba sa ga-maciji. In na yi nisa sai su yi ta gugar juna, gumi ya shiga tsakani, fata ta yi ja. Na kai kukana ga Alidu a asirce. Ya ce maganin ƙarami ne: in sa wandon shadda wanda ya sha sitati sosai don iska ta riƙa shiga, in kuma shafe wurin da man zafi kafin in fita. Na yi masa godiya har da addu'a.

Kafin mu kai Asawase na san an cuce ni. Shadda ta zama zarto, man zafi ya zama garwashi. Na buɗe ƙafafu ina tafe kamar mai tsallake kwata biyu a lokaci ɗaya, waƙa ta maƙale mini a wuya. Nan take Alidu ya shige gabana ya ɗaga murya:

Ku ba shi hanya, angon kaciya,
Wanzami ya gama, saura jinya.

Jama'a suka amsa. Mata masu sayar da wake da shinkafa suka bar tukwanensu suna tafi. Yau ko shagon littattafaina na buɗe, sai in ji wani ya wuce yana rera ta ƙasa-ƙasa. Na kai ƙara wurin dattawan masallaci, suka ce wasan taubashi ba ya zuwa gaban alƙali, ɗayansu ma yana danne dariya da rawani.

Ƙarshen wata za a yi babbar fita, daga Zango har Asokore Mampong, kuma wanda ya ja waƙa ran nan shi ne mai gurbin har shekara ta zagayo. Ina roƙon abu biyu. Na farko, maganin da zai raba cinyoyina da wannan gaba. Na biyu, ƙullin ƙaiƙayin gero, mai kyau, irin na sabuwar sussuka. Na san inda matarsa take shanya wandunansa.

Ƙaninki mai rauni a fata da zuciya,
Abdul-Hakim


Tamale

Hakimu,

Na amsa sallama. Kowa lafiya. Na karanta takardarka sau biyu, na farko ban gama ba saboda dariya, Allah ya yafe mini.

Kai da karatunka, wa ya taɓa gudu da shadda? Ga man kaɗanya nan na ba direba, na gidan Mero maƙwabciyata ne, ba gauraye. Ka bar fita sai wurin ya warke. Ka riƙa wankewa da ruwa ba sabulu mai ƙarfi, ka bari ya bushe sarai, sannan ka shafa. Ranar fita ka shafa da kauri tun kafin ka sa kaya. Ka nemi gajeren wando mai santsi wanda yake kama jiki ya sauko kusa da gwiwa, marar kaurin ɗinki a tsakiya, ka sa shi a ciki. Yadi ya gogi yadi, fata ta huta. In ka dawo kada ka zauna shan koko da jiƙaƙƙen kaya, ka cire ka yi wanka. In ka ga wurin yana ruwa ko wari, koma wurin likitanka, kada ka tsaya rubuta masa waƙa.

Ƙaiƙayi kuwa ba zan aiko ba. Matarsa Fusena ce za ta wanke kayan, hannunta zai ci, ita me ta yi maka? Yarinyar kirki ce, duk wata tana aiko a saya mata man nan, ta ce na mijinta ne, shi ma cinyarsa ba ta barinsa. Har tana yi mini ƙorafi wai ya ƙwace mata dogon wandonta na roba, irin wanda mata ke sawa a ƙarƙashin zane, mai furanni, ya ce shi ya fi kama shi. Duk Lahadi da shi yake fita a ƙarƙashin nasa.

Na faɗa maka ne don ka san ciwon ba naka kaɗai ba ne. Abin da za ka yi da maganar ruwanka. Ni dai ban manta kunun da ya zuba mini gishiri ranar sunan jikata Aliya ba.

Ka gaida iyali.
Yayarka, Habibatu


Zango, Kumasi

Zuwa ga Alidu ɗan Kawu.

Sallama wajibi ce a kan Musulmi, don haka na yi ta. Na rantse harshena ba zai ƙara furta maka kalma ba sai na rama, amma rantsuwar ba ta hau kan alƙalami ba.

Ina sanar da kai cewa na warke, kuma ranar babbar fita zan zo. Ka tsaya a gaba yadda kake so. Idan muka kai tsakiyar Asawase, daidai wurin matan da suka yi mini tafi, zan ɗaga murya daga baya da wannan:

Alidu zaki, mai ruri a kan hanya,
Wa ya ara maka abin da ya rufe cinya?
Fusena na gida tana ta cigiya,
Furanninta sun fita yawo tun da safiya.

Daga nan zan roƙi jama'a su ce ka naɗe ƙafar wandonka zuwa gwiwa, don gaskiya ta yi halinta. In ƙarya na yi, na bar maka gurbin har abada, in kuma ci gaba da amsa sunan da ka raɗa mini. Dattawa sun riga sun yanke cewa wasan taubashi ba ya zuwa gaban alƙali, kuma ina ganin hikimar hukuncinsu yanzu fiye da da.

Wanda ka kira bawanka,
Abdul-Hakim


Asawase

Malam angon kaciya, bawana,

Na ga takarda. Turanci na Hausa ya yi yawa, sai da na sha ruwa kafin na gama. Wane ne ya faɗa maka wannan magana? Ƙarya ne koraa, ƙarya ne gaba ɗaya. Ni Alidu ban san wani furanni ba. Cinya na ƙarfe ne, tun ina yaro ina buga ƙwallo ba mai, ba komai.

Ka zo ran Lahadi. Ba sai ka roƙi jama'a ba, ni da kaina zan naɗe wando har sama kowa ya gani. Ka kawo waƙa, ka kawo shadda kuma, mata na Asawase suna tambaya na yaushe ango zai sake fitowa.

Ubangidanka,
Alidu


Zango, Kumasi

Zuwa ga yayata Hajiya Habibatu, wadda Allah ya sa magani a hannunta da kuma bakinta.

Gaisuwa da godiya gwargwadon nisan da ke tsakaninmu. Na bi umarninki ɗaya bayan ɗaya, na taka daga Zango har Asokore Mampong kamar an ɗauke ni a kan auduga.

Baitin da na tanada ban ko rera shi ba. Tun a wurin taruwa Alidu ya naɗe wandonsa har cinya, ya zagaya yana nuna wa mutane fata tsirara, su kuwa ba su san dalili ba. Ya bar furannin a gida don ya ƙaryata ni, kuma don kada a ga maiƙo a zarge shi, ko man bai shafa ba. Abin da na so ke nan. Rana ta yi zafi, hanya ta yi tsawo. Bayan Asawase muryarsa ta fara rawa, ƙafafunsa suka fara nisantar juna. Da ya tsaya ya dafa wata bishiya, na wuce gaba a hankali na ɗauko waƙar da shi ya ƙaga, ban sauya ko harafi ba. Jama'a suka dube shi, suka amsa da ƙarfin da ban taɓa ji ba. A bayan keken ɗaukar kaya aka mai da shi gida, yana zaune a kan buhunan gawayi, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma.

Gurbin nawa ne. Na je duba shi da yamma, tunda na rama, rantsuwata ta faɗi, na ce masa sannu ango. Ya juya fuska bango ya ce shekara ba ta da tsawo.

Saboda wannan kalma tasa nake roƙonki, idan Fusena ta sake aiko sayen mai, ki kira ta a waya ki ja ta da hira. Duk abin da ta faɗa game da shi, ƙarami ko babba, ki rubuto mini da hannunki ki ba direban nan kafin ya juyo, domin ina so in riga shi shiri.

Ƙaninki mai tafiya da ƙafafu a haɗe,
Abdul-Hakim